Mamacin da Aka Tarar a Turu

Shekarar da ruwa ya yi jinkiri a tsaunukan Timor, masara ta ƙare a rumbuna tun sabuwa ba ta yi bununi ba. Sai zumuntar mata ta wata majami'a a garin Soe ta ɗauki nauyin hawa ƙauyuka sau ɗaya a wata, da buhunan masara da wake da sabulu, da ma'aikaciyar jinya mai duba marasa lafiya. In sun isa, su kafa murhu a ƙofar cocin ƙauyen, su dafa fate kowa ya ci, a yi addu'a, a raba abin da aka kawo.

Mata biyu ne ƙashin bayan wannan aiki. Welmince Tamonob, mai sayar da kayan miya a kasuwa, mace ce mai jiki da murya, wadda in ta yi dariya a bayan mota direba ma sai ya ji. Aminiyarta kuwa Yumina Selan, siririya, ba ta da yawan magana, amma babu wanda ke taɓa ludayi in tana wurin. Tun suna 'yan mata benci ɗaya suke zama a coci.

Ranar da Fasto Norlina ta ce wannan watan Fatulunu za a je, kowa ya juya ya dubi Yumina, don can aka binne cibiyarta.

"Hanyar can ba ta biyuwa, Mama Fasto," in ji Yumina. "Gadar ta karye tun bara."

"An gyara ta. Na tambaya."

"To ai ba su kai na gabas yunwa ba."

Welmince ta zungure ta da gwiwar hannu. "Ke dai faɗi gaskiya, tsohon saurayi ne ba kya so mu gani? Kwantar da hankalinki, ko haƙoransa duk sun zube ba za mu yi dariya ba."

Mata suka kwashe da shewa. Yumina ta yi yaƙe.

Sun isa da hantsi, bayan motar ta gama girgiza musu hanji a kan duwatsu. Mutanen ƙauye suka tarbe su da kwandon pinang, wato goron ƙasar, aka tauna, bakuna suka yi ja. Kafin rana ta take an ɗora manyan tukwane, layi ya miƙe har gindin tsamiya. Can itace ya fara ƙarewa, Welmince ta ce bari ta zaga bayan gidaje ta samo.

"Zauna, zan aika," in ji Yumina da sauri.

"Ki aiki wa? Kowa na riƙe da kwanonsa."

Ta bi ta tsakanin bukkoki, ta wuce gonar rogo, ta gangara inda ake ɗaure aladu. Tana tsintar busassun rassa sai ta ji waƙa. Muryar namiji ce, ta dushe amma ba ta kauce ba, yana rera wata tsohuwar waƙar coci. Abin da ya sa ta saki itacen hannunta shi ne yadda yake rerawa. Ɓangaren maza kawai yake yi. In ya zo inda mata ke amsawa sai ya yi shiru, yana buga wani abu a kan itace, ƙwas, ƙwas, ƙwas, har gurbin matan ya wuce, sannan ya ɗora. Mutum ɗaya ta taɓa sani a duniya mai yin haka.

Wari ne ya fara tarar ta. Bayan garken akwai wata 'yar rumfa da ba ta kai tsayin mutum ba, an kare bakinta da guntun kwanon rufi. Ta janye kwanon, ta sunkuya. Da idonta ya saba da duhu sai ta ga gungumen itace, kaurinsa ya kai turmi, kwance a ƙasa. An fafe shi, an zura ƙafar mutum ta dama a ciki har idon sawu, an ɗaure da ƙarfe. Mutumin na zaune a kan tsumma, gashi ya cukurkuɗe har kafaɗa, haƙarƙari a waje, da cokali a hannu.

"Wane ne? Ka tare mini haske." Ya ƙanƙance ido. "Mince? Mince ta gidan Tamonob? Har yanzu kina faɗawa cikin waƙa kafin a ba ki hannu?"

Ta durƙusa a bakin rumfar. Malam Okto ne. Oktovianus Selan, yayan Yumina, wanda ya koya wa rabin matan cocinsu waƙa. Shekara goma sha wani abu ke nan da ya tafi Malesiya aikin gonar kwakwar manja, labari ya zo cewa zazzaɓi ya kashe shi, an binne shi can. An yi masa sujadar tunawa, coci ya cika har waje. Welmince da kanta ta ba da aladen da aka yanka, ita ta rungume Yumina tana kuka. Hotonsa na nan rataye a ɗakin mawaƙa, da baƙin ƙyalle a kusurwa.

"Malam," ta ce, "ai ka mutu."

"Haka na ji ana faɗa." Ya sosa gemu da cokalin. "Wa'azin ya yi kyau?"

Ba ta san yadda aka yi ta hau gangaren ba. Ta dai ga kanta a gaban tukunya, ɗankwali ya zame, mutane na kallon ta. Yumina na zuba wa wata tsohuwa fate. Suka haɗa ido, ludayin ya tsaya a sama.

"Yumina, wane ne a bayan garken aladu?"

Layin nan gaba ɗaya kowa ya sunkuyar da kai, kuma wannan ne ya ƙara kaɗa Welmince. Babu wanda ya tambayi me take nufi. Har yara sun sani.

"Tambayar ki nake! Wa na yi wa kuka? Wa muka yi wa sujada? Kin bar ni ina shafa miki baya ina cewa yana wurin Ubangiji, ashe yana wurin aladu!"

"Mince, rage murya."

"Ba zan rage ba!"

Fasto Norlina ta taso daga inda ake gwajin jini. Ba ta tsaya jin bayani ba, ta ce a nuna mata. Suka gangara da ma'aikaciyar jinyar. Da suka dawo, Fasto ta zauna a kan buhun wake kamar an tura ta. Ita ma a hannunsa ta koyi waƙa tun ba ta shiga makarantar tauhidi ba.

A nan Yumina ta ajiye ludayi, ta yi magana, idonta a kan wuta. Ta ce bai mutu ba, dawo da shi aka yi, kai ya taɓu. Ta ɓoye shi a ƙauye wurin kawunsu, tana cewa zai warware. Wata rana ya cinna wa rumbun kawun wuta, da jikar gidan tana barci a gindinsa, da kyar aka fizgo ta. Ya bi mutane da adda yana cewa masu gadin gonar Malesiya ne suka biyo shi. Ta kai shi asibiti a birnin Kupang, ya samu sauƙi, magani ya ƙare, ciwo ya dawo. Mutanen ƙauye suka ce ta zaɓa, ko turu ko su raba shi da duniya.

"To mutuwar fa?" in ji Fasto. "Wa ya ce ki kashe shi da baki?"

"Lokacin ana maganar auren 'yata. Dangin mijin sun fara tambaya ina kawunta. Kun san su, da sun ji akwai hauka a jininmu, shi ke nan. Na ce ya rasu. Na ɗauka maganar za ta tsaya a ɗaki, sai dattawa suka ce dole a yi masa sujada, mutum ne na coci." Ta share hanci da bakin zane. "Ranar nan kukan gaskiya na yi, Mince. Duk wata ina zuwa, in yi masa wanka, in yanke masa farce. Da kuke cewa ina zuwa duba gona."

Welmince ta kau da kai, ta gyara ɗankwalinta.

Wani tsoho mai farar riga ya matso, Baba Melkias, dattijon cocin ƙauyen, wanda ɗazu ya yi musu addu'ar maraba.

"Mama Fasto, kada a ɗora wa yarinyar nan ita kaɗai. Ni na fafe itacen da hannuna. Sai da na yi addu'a kafin in sa ƙafarsa."

"Ka yi addu'a," Fasto ta maimaita.

"Na yi. Ku kuna gari, kuna da likita a bayan gida. Mu ciyawa ce rufinmu. In kun kwance shi kuka hau mota kuka tafi, ya sake ɗaukar ashana, wa zai kashe wutar? Ku?"

Iska ta kaɗa hayaƙi a fuskokinsu. Welmince ta ji haushin tsohon har wuya, kuma ta rasa ta inda za ta ƙaryata shi.

"Ba za mu bar muku shi ba, Baba," ta ji bakinta ya faɗa. "Da shi za mu tafi. In babu inda za a sa shi, ɗakin marigayi mijina na nan, kaji ne kawai ke kwana a ciki."

Matan zumunta suka dube ta kamar ita ce mai taɓin. Ita ma ta ji nauyin abin da ta faɗa, amma magana zarar bunu ce.

Ma'aikaciyar jinyar ta ce asibiti za a fara kai shi, ba gidan kowa ba. Direba ya ɗauko zarto da guduma. Aka yaye rufin rumfar don a samu haske, rabin ƙauye ya tsaya daga nesa, iyaye mata sun riƙe hannun 'ya'yansu. Welmince ta zaci in ya ga zarto zai yi murna. Haƙoran zarton na taɓa itacen sai Malam Okto ya ƙwalla ƙara, ya kifa a kan gungumen ya rungume shi da hannu biyu.

"Kada ku taɓa! Ku bar mini! In kun cire za su zo su tafi da ni! Yumi! Yumi, hana su!"

Direba ya ja da baya. Yumina ta ratsa mutane, ta durƙusa cikin ƙazantar nan da zanen cocinta, ta ɗora kansa a kafaɗarta.

"Yaya, ni ce. Babu mai zuwa. Ni na sa a cire."

"Ke kika sa?"

"Ni na sa a saka, ni na sa a cire. Rufe idonka."

Haka ta riƙe shi har itacen ya rabe biyu. Ƙafar da ta fito ba ta fi hannun yaro kauri ba, fara sol, ta lanƙwashe ciki. Wata daga cikin matan ta juya ta yi amai. Ya dubi ƙafar shi ma, ya taɓa ta da yatsa kamar ta wani ce. Aka naɗe shi a tabarma, maza huɗu suka ɗauka, cikinsu har da Baba Melkias, wanda ya ƙi yarda a karɓe shi har bakin mota.

A hanyar dawowa babu waƙa, babu shewa. Tukwane na ta karo da juna. Welmince da Yumina suna fuskantar juna, shi kwance a tsakaninsu, har Soe.

Ya yi watanni a asibiti. Ranar Lahadin farko bayan dawowarsu Fasto Norlina ta hau bagade ta faɗa wa jama'a gaskiya da bakinta, coci ya ruɗe da kuka, wasu tsofaffin mawaƙa suka fita waje. Aka sauke hoton. Yumina ta daina zuwa sujada, surukan 'yarta suka yi ta ƙananan maganganu, amma auren bai mutu ba, don jikoki sun riga sun yi uku. Da aka sallamo shi, Welmince ta riga ta kori kaji ta shafe ɗaki, sai Yumina ta zo ƙofar gidanta, karo na farko tun ranar, ta tsaya daga waje.

"Gidana zai zauna, Mince. Na gode."

"To. Ranar kasuwa ki kawo shi wurina, kada ki bar shi shi kaɗai. Kuma ban huce ba, kada ki ɗauka na huce."

"Na sani."

Bai sake takawa ba sai da sanda. Wasu ranakun yana gane kowa, wasu ranakun ya juya wa bango fuska. Zumunta ta ɗauki nauyin karɓo maganinsa kada ya sake yankewa.

Wata guda bayan zuwansu Fatulunu suka hau wani ƙauyen, can gabas, ba Yumina, faten ma ya yi ruwa. Bayan an gaisa an tauna pinang, Fasto Norlina ta dubi mai garin ta yi masa tambayar da ba su taɓa yi ba a duk yawonsu, ko akwai wanda aka sa a turu a nan. Welmince na gefe tana jira ya ce Allah ya kiyaye.

Mai garin ya tofar da jan yawu, ya goge baki.

"Na kusa za ku fara gani," ya ce, "ko matar da ke bakin rafi?"