Sotir Zai Tafi Amurka

Tun ranar da Marika ta zama 'yar ƙasa a Boston, ta cike wa ƙanenta Sotir takardun ɗauko ɗan'uwa, Sotir bai sake ɗora tukunya ba. Kowa a garinsu Korça ya san layin 'yan'uwa ba ya sauri, sai mutum ya yi furfura yana jira. Amma kowa ya san duk wadda ya aura kafin layi ya zo kansa, da ita za a tafi. Ga shi tuzuru, ga biza tana tafe. Ai kuwa sai farantan lakror, gasasshen abincin fulawa na garin, suka fara sallama a ƙofarsa.

Shekara goma sha wani abu yana cin bulus. Wannan uwa ta gasa mai albasa da tumatir, waccan mai kabewa, kowace ta aiko 'yarta da faranti. Sotir ya ci ya suɗe yatsu, ya ce, "Bari mu ji abin da Amurka za ta ce." 'Yan matan suka gaji suka yi aurensu, ƙannensu suka gaji farantan. Rufinsa yana yoyo, ya ƙi gyarawa, wai wa zai gyara gidan da zai bari.

Mace ɗaya ce ba ta taɓa aiko masa ko gishiri ba: Olga, bazawara mai kiwon zuma, wadda gidanta ke kallon nasa. Ita kuwa yake so, so na gaske, amma tsoronta ya ɗinke masa baki.

Kwatsam sai ga wayar Marika. "Layi ya zo, sarkin kwaɗayi! In aure za ka yi, yi yanzu. Na gyara maka ɗaki."

Sotir ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, ya tsallaka titi yana gumi. Olga tana tace zuma, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ba'amurke, lafiya? Yau ba a aiko ba ne?"

"Olga, aure na zo nema. Mu tafi tare."

Ta ajiye ludayi. "Ƙudan zumana fa, su ma Marika ta cike musu takarda? Nan aka haife ni, nan uwata take kwance. Ba inda za ni. Ranar tafiyarka dai zan zuba maka ruwa a baya, yadda ake yi wa kowa, hanya ta yi maka sauƙi."

Ya koma gida jiki a sanyaye. Ranar nan aka ga abin da ba a taɓa gani ba: faranti ya koma inda ya fito ba a taɓa shi ba.

Ya je Tirana, babban birni, aka buga masa biza shi kaɗai. Ranar tafiya unguwa ta taru, iyayen 'yan mata suna ta hararar tumbinsa, don sun san da fulawarsu aka gina shi. Ya fito da akwati. Olga ta zo da buta, idanunta jajir, ta kwara ruwa a bayansa.

Sotir ya nufi tasin da ke jiransa. Ya wuce motar. Direba ya yi ta hon, bai waiga ba. Ya tsallaka titi, ya dire akwatin a ƙofar Olga.

"An zuba ruwa, tafiya ta zama dole," in ji shi. "To, na iso."

Olga ta tsaya da buta a hannu, ta rasa dariya za ta yi ko kuka.

"Ni fa ban iya lakror ba."

"Na ƙoshi, Olga."

"Kuma ba na auren mai gidan yoyo. Gobe za ka hau rufin nan."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Marika ce, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana jiransa. Tausayinta ya kama shi, tsoronta ya fi yawa.

"Kai, ka shiga mota kuwa?"

Ya ɓuya a bayan Olga tukuna.

"Yaya," ya ce, "na sauka lafiya."