Akwati na Sha Bakwai

Kukan ya fara kamar ƙudan zuma ya faɗa cikin gwangwani. Baba ya ɗago kai daga katifa ya kasa kunne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gadin ƙofar wata masana'antar takalma, ya san motsin ɓera a cikin kwali, ya san ƙarar kwanon rufi idan sanyi ya kama shi, amma wannan bai taɓa jin irinsa ba. Ya jawo sandarsa ya leƙa falo.

Wayar 'yarsa ce ke rawa a cikin farantin ƙarfe. Ita ta ajiye ta a nan don ƙarar ta tashe ta, domin da zazzaɓi ta yini, ta kuma sha maganin da ke sa barci. Ga ta kwance a kan darduma, ko hijabi ba ta cire ba, ba ta ko motsa ba.

A kan tebur allon kwamfuta na haske. Akwatuna arba'in ne a jere, duk kore, sai na sha bakwai da ya zama ja.

Baba ya san akwatunan nan kamar yaran unguwa. Wata huɗu ke nan yana zaune a ɗaki da falon nan, hawa na huɗu, tun da aka yi masa aikin gwiwa. Matakala sittin da huɗu ne tsakaninsa da titi. Ita ma 'yar ba ta fi shi 'yanci ba: tun da abokin aikinta ya ajiye aiki, ita kaɗai ke tsaron na'urorin kamfanin jigilar kaya dare da rana, na'urorin da ke wani gari da ba ta taɓa takawa ba. Ko wanka za ta shiga, da wayar take shiga a cikin leda.

Ya taɓa tambayarta, "Uwata, wai gadin me kike yi, ba ƙofa ba fitila?"

"Gadon gida na yi, Baba," ta ce tana dariya. "Duk minti biyar kwamfutar nan na aika wa kowace na'ura 'yar takarda, ta ce rubuta. In ta rubuta, kore. In faifanta ya ji ciwo, sai ta kulle kanta: a karanta abin da ke ciki, amma ba a ƙara ko harafi ɗaya. Shi ne ja."

"To ai ta yi hankali. Wanda ya kulle ƙofa ba a yi masa sata."

"Kai da Oga ya kamata ku zauna. Shi minti sha biyar ya ba ni."

Sharaɗin ke nan. Idan watan nan ya ƙare ba ta wuce minti sha biyar ba ta amsa ƙararrawa ba, Oga zai ba ta hutun mako guda, ta mayar da Baba gidansa, inda ya bar bishiyar lemo da kaji bakwai a hannun ƙanwarsa. Saura kwana biyu. Jakarsa tun jiya take ɗaure a bayan ƙofa.

"Uwata," ya ce a hankali.

Ya taɓa goshinta, zafi kamar dutsen guga. Kwana uku ke nan bai ga ta yi barcin kirki ba. Ya dubi akwatin. Sau biyu ya taɓa ganin ja ya koma kore da kansa kafin ta gama sa tabarau. Ya ɗauke wayar daga farantin, ya cusa ta a cikin hularsa, ya danne da matashi. Minti biyar kawai.

Ya zauna a kujerarta ya kafa wa akwatin ido yadda yake kafa wa baƙon da bai yarda da shi ba. Allon ya ƙifta. Ja. Ya ce a ransa a ba shi wasu biyar ɗin, kowa na iya yin tuntuɓe. Ya ƙifta. Ja. Da ya duba agogon bango, minti ashirin sun wuce.

Idan ya tashe ta yanzu, an riga an makara. Idan kuma akwatin ya warke da kansa, watakila ba wanda zai sani. Ya matso da kujera ya fara lallashinsa da raɗa.

"Haba ɗan sha bakwai. Dubi 'yan'uwanka. Harafi ɗaya aka ce ka rubuta, ba littafi ba."

Gwiwarsa ta sandare. Fitsari ya matse shi, bai tashi ba, don gani yake da ya juya baya abin zai ƙara lalacewa. A ƙarƙashin matashi wayar na ta gurnani, ta yi shiru, ta sake. Haka ya zauna, daga minti biyar zuwa minti biyar, har labulen taga ya fara fari.

Ta farka a firgice tana laluben faranti. Ta ga allon, ta ga mahaifinta. Shi da kansa ya miƙa mata hular.

Kira ashirin da shida. Ta zauna ta hau danne-danne, cikin minti goma akwatin ya koma kore. Sannan ta kira Oga. Ba sai ta ƙara muryar wayar ba, Baba na jin komai.

"Tirela talatin da huɗu a bakin ƙofa tun ƙarfe ɗayan dare! Na'ura ta ƙi rubuta takardar fita, ba wanda ya fita! Direbobi sun kusa cinye mai gadi ɗanye! Ina kika shiga?"

Baba ya runtse ido. Ya san wannan tsayuwar, fitilun mota a fuskarka, maza talatin suna zagin uwarka, kai kuma ba ka da ikon ɗaga sanda.

"Barci ya ɗauke ni, ranka ya daɗe," ta ce.

Baba ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu.

"To hutu kam ki manta da shi. Sai mun ɗauki sabon mutum."

"Yaushe ke nan?"

"In mun ɗauka za ki ji."

Ta ajiye wayar. Ta daɗe tana kallon akwatunan, arba'in cif, kore shar.

"Cewa kika yi tana kulle kanta ne don kada a yi ɓarna," in ji Baba. "Na ga abin da ke ciki na nan lafiya. Na ga ke kuma..."

"Na sani, Baba. Tashi ka yi alwala, rana ta kusa fitowa."

Bai iya tashi ba, ƙafar ta ƙi. Ta zo ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hammatarsa. Suna tsakiyar falo, mataki ɗaya da ƙyar, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabcinsu ne mai tasi, wanda suka yi da shi zai goya Baba ya sauko da shi, ya kai su har gida. Ya leƙo da buroshi a baki, fuska cike da fara'a.

"Baba na kaina, an tashi lafiya? Na wanke mota, na gyara maka kujerar gaba. Jibin da asuba za mu kama hanya, ko sai rana ta ɗan ɗaga?"