Rabin Aski

"Baba, ya ce ba mai taɓa masa kai sai kai."

Justina ce, malamar asibitin da ke zuwa yi wa maƙwabcina allura safe da yamma. Mutuniyar Filato ce, amma ta yi shekara ashirin a Ɗanzomo, har ta fi wasu 'yan gari sanin lunguna. Tana tsaye a bakin zaurena, ni ina zaune ina ɓare gyaɗa. Ban ɗago ba.

"Akwai masu inji a bakin kasuwa," na ce.

"An kawo ɗaya jiya, ya kore shi. Da hula ya jefe shi, Baba. Mutumin da ko kofi ba ya iya ɗagawa."

"To, da sauran ƙarfinsa."

"Babu." Ta rage murya. "Likitocin Kano ba don ya warke suka sallamo shi ba. Ƙodar ta daina aiki. Gobe Juma'a. Ya ce ba ya son ta same shi da wannan sumar."

Na ce mata na ji. Ta tsaya kaɗan, ta ga ba ƙari, ta tafi.

Sunana Ilu. Wanzami ne ni, ubana ma haka. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da gidan su Habibullah. Rana ɗaya ubana ya yi mana kaciya, muka yi jinya a ɗaki ɗaya, shi yana kuka ni ina yi masa tsawa. Shi aka sa a boko, ni aka ba ni zabira. Ya zama malamin firamare, ya zama kansila, amma duk Alhamis yana kan tabarmata. Shekara talatin ba wanda ya san ƙeyarsa sai ni.

Wata Alhamis, shekara goma sha bakwai ke nan, na jiƙa masa kai na fara daga dama, yadda ake yi. Na gama ɓangaren dama tas. Sai ga motoci uku sun tsaya a ƙofa. Manyan jam'iyya sun zauna a Gumel, sun ce shi za su tsayar takarar majalisar tarayya, kuma yanzu yanzu ake son sa a Dutse. Ya miƙe da sabulu a kunne, ya kifa hula a kan rabin aski.

"Ina zuwa, Ilu. Kada ka zubar da ruwan."

Ban zubar ba. Na zauna da tasar har aka kira magariba. Daga baya na ji wani mai inji ne ya ƙarasa masa a Gumel.

Wanda ba ɗan sana'a ba ba zai gane ba. Mutum ba ya tashi daga gaban wanzami da rabin kai sai in hannun wanzamin ya yi ɓarna. Kafin kasuwa ta sake ci, magana ta bazu cewa na yanke shi. Aka riƙa ce mini Wanzamin Rabi, wai rabin kai, ga matata kuma sunanta Rabi, sai abin ya yi musu daɗi biyu. Ni kuwa tun da na riƙe aska ban taɓa fitar wa mutum jini a wajen aski ba. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta kashe maganar. Bai faɗa ba. Yana can yana yawon kamfe daga Maigatari zuwa Gagarawa, hotonsa a kowace bishiya.

Ya ci zaɓe. Bayan shekara guda ya aiko mini da injin aski da ƙaramin janareta, wai tallafin masu sana'a. Na ɗora su a amalanke na mayar har ƙofar gidansa da rana tsaka, kowa yana gani.

Shekara takwas ya yi a majalisa. Ba zan ce bai yi komai ba. Rijiyoyin burtsatse bakwai ya kawo yankinmu, huɗu suna ba da ruwa har yau. Ya kai ƙuduri kan yashin da ke cinye gonakin arewacinmu, aka yi ta ɗage shi har ya sauka. Sau ɗaya na ji muryarsa a rediyo yana zuba Turanci a zauren majalisa. Kalma ɗaya na gane: Ɗanzomo. Ya faɗe ta sau uku. Na kashe rediyon, sannan na sake kunnawa.

A karo na uku aka kayar da shi tun a zaɓen fidda gwani. Ya sauya jam'iyya, bai yi ba. Motoci suka ragu a ƙofarsa, sannan suka ƙare. Ya zauna a Kano, yana zuwa da salla. In mun haɗu a masallaci sai in yi masa sallama, don kada a ce na yi gaba da Musulmi. Daga nan ba ƙari.

Da Justina ta tafi, Rabi ta leƙo daga cikin gida. Ta ji komai.

"Malam, tsakani da Allah, fushin ne ko hannun?"

Na ci gaba da ɓare gyaɗata. Ita kaɗai ta san shekara biyu ke nan hannuna na dama yana rawa. Na ce wa mutane na gaji da sana'a ne. Na kwana ina tunanin abu biyu: in ƙi zuwa ya mutu da sumarsa, ko in je in yanke shi, ƙaryar da aka yi mini ta zama gaskiya.

Da hantsi ya ɗaga na ɗauko zabira daga kan ƙusa. Na wasa askar a dutse, na goga ta a fata. Na sa babbar rigata.

Hajiya Safara'u, matarsa, ita ta tare ni a tsakar gida. Ta durƙusa ta gaishe ni, idonta a kumbure.

"Malam Ilu, tun asuba yake tambaya ko an ji motsin ƙofarka."

An kwantar da shi a katifa a ƙasa, a ɗakin mahaifinsa na dā, ba a sabon ginin mai tayil ba. A bango akwai hotonsa da babbar riga yana rantsuwa da Alƙur'ani. Wanda ke kwance bai kai rabin na hoton ba. Ƙafafu sun kumbura. Suma ta yi fari fat, ta cukurkuɗe kamar audugar da aka manta a rumbu.

Ya buɗe ido.

"Sarkin aska. Ruwan ya huce?"

"Ya daɗe da hucewa."

"Na ɗan yi jinkiri a hanya."

"Na lura."

Ya yi dariya, tari ya kama shi. Justina ta tallafo shi, ta jingina shi da filo biyu. Ta matso kusa da ni.

"Baba, a hankali. Jininsa ba ya saurin tsayawa yanzu."

Na shimfiɗa masa ƙyalle a kafaɗa. Hajiya ta kawo ruwan ɗumi a tasa. Na jiƙa kan, na murza sabulu. Kan nan na san shi kamar tafin hannuna: tabon da jaki ya yi masa muna yara, ɗan tudun da ke bayan kunnen hagu. Duk suna nan. Na buɗe aska na nufi dama.

"A'a," ya ce. "Dama ka riga ka yi. Hagu ya rage."

Na koma hagu. Askar tana rawa a iska, kowa ya gani. Hajiya ta kau da kai. Shi ma ya gani ta gefen ido.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"Shi ya sa ka daina. Ni kuwa aka ce mini arziki ka yi." Ya lumshe ido. "Sa askarka, Ilu. Ba inda zan je da jinin."

Na dafa kan da hannun hagu, na jingina tsintsiyar hannun dama a kansa, na fara ja kaɗan kaɗan. Abin da nake yi cikin ɗan lokaci, ranar sai da ya kai ni kusan azahar. Yana ta magana, ido a rufe. Ya ce a Abuja akwai shagon aski mai sanyi da madubi ta ko'ina, ana zuba wa mutum turare, amma ba wanda ya taɓa murza masa wuya bayan an gama. Ya ce ranar da ya ambaci garin nan a majalisa, wani ɗan kudu ya tambaye shi ko a Nijar yake.

"Na ji ka a rediyo," na ce.

"Ka ji? Na ɗauka ko ƙuri'a ba ka ba ni ba."

"Sau biyu na ba ka."

Ya buɗe ido, ya so ya juyo.

"Daina motsi."

"Na ukun fa?"

"Ba ka kai akwati ba."

A daidai tudun bayan kunne hannun ya ci amanata. Ɗan layi ja ya fito, ya gangaro wuya. Justina ta danna auduga da sauri. Na tsaya da aska a hannu. Shekara hamsin da biyar ina aski, yau ne na farko.

"Ya yanke ni?" ya tambaya.

"Kaɗan ne, Onarabul," in ji Justina.

"Alhamdu lillahi. Safara'u, aika kasuwa a gaya musu yau dai sun yi gaskiya." Yana murmushi, amma hawaye na bin gefen hancinsa. "Wancan karon ba ka yanke ni ba. Na ji abin da ake faɗa, Ilu. Na ce in na dawo zan gyara. Kullum in na dawo. Ka yafe mini."

Na jira jinin ya tsaya. Na ƙarasa hagu, na bi dama, na gyara masa gemu da saje. Na wanke kan, na goge. Sannan na sa yatsu na murza masa wuya da kafaɗa, yadda nake yi duk Alhamis.

"Na yafe," na ce. "Injin nan ma, da ban mayar da shi da rana ba."

"Yana nan a sito. Ko leda ba a cire ba."

Hajiya ta miƙo masa madubi. Bai karɓa ba. Ya ɗaga hannu da ƙyar ya shafa kansa daga goshi zuwa ƙeya.

"Yanzu na ji iska," ya ce.

Na tattara sumar daga ƙyallen na ƙunshe a takarda. Ba a barin gashin mutum a ƙasa. In an gama aski, wanzami yakan binne shi inda ƙafa ba ta takawa.

Ya rasu washegari Asabar, da hantsi. An zo daga Gumel, daga Maigatari, daga Sule Tankarkar. Motoci suka sake cika ƙofar, har da jiniya. Masu wanka sun ce sun sami kansa fes, sai 'yar filasta a bayan kunne. Ba wanda ya tambayi dalili.

Da la'asar, bayan an watse, na zazzage zabira. A can ƙasa akwai wani ƙunshi na takardar siminti da ta yi laushi don daɗewa. Aikin da ba a gama ba, ba a binne gashinsa.

Na ɗauki fartanya na je gindin katangar da ke tsakaninmu, ta ɓangarena, inda inuwar darbejiyarsu take faɗowa. Na tona rami kamu ɗaya. Na kwance ƙunshin biyu. Ɗaya baƙi wuluk, ɗaya fari fat. Na haɗa su na rufe, na daddanna ƙasar da tafin hannu.

Ta bayan katanga ina jin Hajiya Safara'u tana ɗauraye tasar.