Gyaran Ƙarshe na Si Munsif

"Ba zan danna ba," na ce, na ture kwamfutar gefen farantin zaitun.

Si Munsif ya yi ta tari har matarsa Naziha ta leƙo daga kicin. Ƙofata na kallon tasu a birnin Sfax, kuma a manhajar lissafin da muke ginawa kyauta tare da wasu malamai, ba gyaran da ke shiga sai na amince. Wannan matsayi ya zame mini ƙarfen ƙafa.

A manhajar, nau'o'in lissafi jere suke daga sama zuwa ƙasa, duk aikin da aka ɗora wa na sama, na ƙasa sun gaje shi. Shekara da shekaru Si Munsif na gina hanyar rabawa a wani nau'i can ƙasa. Sai da ciwon huhu ya kwantar da shi ya ce wai ba wurinta ba ne. A bar wadda wani ɗan Masar ya rubuta a sama ta wadaci kowa, a goge tasa, har da sunansa.

Na ce tasa ta fi sauri. Ya ce da can. Na ce ita kaɗai ce abin da zai bari. Ya harare ni.

"Haba Sawsan, gida ɗaya rijiya biyu? Gobe a gyara waccan a manta da tawa, yara su sha amsar banza."

Tasi na jira a ƙofar gida don kai shi asibiti, direba na ta ham. Naziha ta raɗa mini cewa ya rantse ba zai je asibiti ba sai an gama. Taurin kai irin na mutumin nan! Raina a ɓace na jawo kwamfutar na danna. Ko godiya bai yi ba, takalminsa ya nema.

Bai dawo daga asibitin ba. Har yau haushinsa nake ji, don manhajar ba ta ko yi tuntuɓe ba.

Da masu ta'aziyya suka ragu, Naziha ta kawo mini shayi.

"'Yar'uwa, nuna mini aikin nan da ya hana shi zama da ni."

Na buɗe mata shafin. Sunan nau'in ne kawai a sama, ƙasa fari fat. Ta matso, ta ƙura ido, sannan ta kama bakin mayafinta ta goge gilashin kwamfutar a hankali, ta sake dubawa.