Hayaniyar Bayan Kaset

Babanmu farfesa ne. Ƙuruciyarsa duk ta ƙare a binciken yadda hukumomi ke raba ruwa da ƙasa. Mama takan ce da madatsar ruwa aka ɗaura masa aure, ita rakiya ta zo.

Da ya yi ritaya, ni autansa na je taya shi kwashe ofis. A ƙasan kabad muka tarar da kaset-kaset na hirar da ya yi da mutanen wani ƙauye, kafin a tashe su ruwan madatsa ya shanye wurin.

Ya sa ɗaya a tsohuwar rakoda. Mai gari yana bayani kan alkawuran gwamnati, amma Baba ba shi yake saurare ba. A bayan muryar, guga na bugun bakin rijiya, zakara ya yi cara, wata mata tana ta ƙwala wa ɗanta kira.

"A ƙa'idar aikinmu," in ji Baba, "duk irin wannan da kalma ɗaya muke rubuta shi: hayaniya."

"Haba Baba," na ce, "motar kaya fa tana jira!"

Ya mayar da kaset ɗin baya. Matar ta sake kira. Ya ƙara mayarwa.

"Rijiyar nan yanzu kifi ke kwana a cikinta," ya ce. "Maganar mai gari kuwa tana cikin littafina."

"To, me kuma kake nema?"

Ya kara kunnensa a jikin rakodar.

"Yi shiru, Auta. So nake in ji ko yaron ya amsa."