Faranti na Ilyes

Huraira ce ta kunno wutar. Ƴata ce, amma bakinta ya fi ƙafarta sauri. Ta tafi Lyon gaida matar wanta Chaibou, ta tarar da wata Baturiya da gicciye a wuya ta aza wa jikana Ilyes faranti, yaro na jan yatsa a ciki. Ko sallama ba ta gama ba ta ɗauki hoto ta watsa wa dangi a waya: wai an kawo Kirista tana yi wa yaro bugun ƙasa.

Kafin la'asar magana ta kai Damagaram ta dawo Montreuil inda nake zaune. Baki shi ke yanka wuya.

Ilyes shekararsa tara. A lakwal, makarantar boko, haruffa juye masa suke yi, yau ya riƙe, gobe sun zube. Kullum ya dawo da kuka, kayensa na rubutu ja wur da jan bik ɗin mushe, wato malaminsu. Uwarsa Raliatou ta yi ta zarya wurin likita da hukuma har aka yarda ta karantar da shi a gida. Wata ƙungiyar iyaye ƴan Katolika ta unguwarsu ce ta haɗa ta da Madam Odile, tsohuwar malama, mai zuwa tana taya ta.

Chaibou kuwa yana butik ɗinsa a Belleville cikin Paris, sai ƙarshen sati yake leƙa gida Lyon. Ya same ni yana huci.

"Baba, na yanki biyen jirgin sama. Zan mai da Ilyes Damagaram wurin gwaggonsa. Dariyar da ake yi mini a masallaci ta isa."

"Ka ga abin da idonka?"

"Na ga hoto."

"Hoto! Ɗauko hularka. Gani ya kori ji."

Muka hau jirgin ƙasa zuwa Lyon.

Raliatou ta durƙusa ta gaishe ni, idonta jawur. Madam Odile na zaune a kan tabarma, tsohuwa ce sa'ata, ta cire takalminta a bakin ƙofa. Da yaro ya ga ubansa, sai ya maƙale bayan kujera. Wannan kaɗai ya ishe ni takaici.

Na ce wa Raliatou, "Ƴata, faɗa mata ta ci gaba da aikinta. Kallo muka zo."

Aka jawo farantin. Na sa hannu na ɗiba na shinshina. Garin kuskus ne! Irin wanda ake sayarwa a butik ɗin Chaibou.

Madam ta furta sauti, Ilyes ya ja yatsa. Harafin ya karkace. Na ga kafaɗarsa ta ɗaga, yana jiran tsawa. Matar ta girgiza farantin kawai, kuskure ya ɓace, gari ya koma sumul. Ya sake. Ya sake. A na gaba ya zana daidai, ya ƙara wasu haruffa, ya karanta da kansa a hankali: sunan uwarsa ne.

Raliatou ta ce, "Baba, cewa ta yi abin da ido ya kasa riƙe masa, yatsa na riƙewa. Kuma wallahi ba ta taɓa yi masa zancen addininta ba. In lokacin salla ya yi, ita ke cewa ya tashi."

Chaibou ya ce, "D'accord, na yarda, ba duba ba ne. Mais Baba, mutane fa? Duk Belleville an ji. In ya bar ƙasar magana ta mutu."

Nan raina ya ɓaci.

"Mutane! Wane ne a cikinsu ya taɓa zama da yaron nan ya nuna masa baƙi ɗaya? Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Ga wadda ba danginmu ba, ba addininmu ba, ta naɗe ƙafa a ƙasa da tsufanta saboda ɗanka. Kai kuma za ka tura shi inda za a kira shi dolo, a raba shi da uwarsa, don ka sha shayi da abokanka cikin kwanciyar hankali. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, bare wannan lafiyarsa lau. Ba kunyar gicciye kake ji ba, Chaibou. Kunyar yaron kake ji."

Ya miƙe tsaye. "Ɗana ne."

"Kai kuma nawa ne. Zauna."

Bai zauna ba. Madam Odile ba ta jin Hausa, sai dai ta ja Ilyes jikinta ta toshe masa kunne da tafin hannu. Ta fi mu hankali, mu da muke ihu a kan yaro.

Na sassauta murya na ce, "Ni ba zan koma Paris ba. A shimfiɗa mini a falo. Ita ta koya masa boko, ni in koya masa Fatiha. Wanda ke son ɗaukar yaron nan ya fara tsallake ni."

Chaibou ya koma shi kaɗai, ko abinci bai taɓa ba. Ranar tafiya jirgi ya tashi babu Ilyes.

Har yau uban bai kira ni ba. Ya kira ko kar ya kira, shi ya sani.