Dukiya Ɗaya

Ina kankare kifi a bakin kasuwa Mama Ngono mai ayaba ta zo da gudu, ba takalmi.

"Honorine, tashi! Masu haraji suna shagonki, har da 'yan sanda!"

Na tarar sun jawo firijina ɗaya waje, kifi ya zube a ƙasa, mutane suna tattakawa. Mijina Kamdem, mai motar ɗaukar katako, ya riga ni zuwa. Yana tsaye a ƙofa ya ware hannuwa.

"Ni ina biyan nawa!" na ce wa babbansu. "Duk garin Duwala a tambaya!"

"Naki kam kina biya, Madam. Mai gidanki ne ya yi shekaru bai je ya faɗi abin da motarsa ke kawowa ba. Motar kuma ya ɓoye ta."

"To ina ruwan kifina?"

"Ranar aurenku, da magajin gari ya tambaya, dukiya ɗaya ko kowa tasa, me kika ce?"

Na tuna. A wurinmu amaryar da ta ce kowa tasa, dangin miji ihu suke mata. Ranar nan na ɗaga murya na ce dukiya ɗaya, mata suka yi ta guɗa.

Na dubi Kamdem. Ya kasa kallona.

"Ku bar kayan matata," ya ce. "Guminta ne."

"Yau ka san da guminta, jarumi?" in ji wani ɗan sanda. "Matsa!"

Ya tura shi. Kamdem ya shaƙe masa kwala. Wani ɗan sandan ya ɗaga gindin bindiga ya sauke wa Kamdem a ƙeya, ya ƙara. Ƙarar kamar an fasa kwakwa. Kamdem ya faɗi kan dakalin shagon, jini ya bi ruwan ƙanƙara har kwata. Na yi kansu da wuƙar kifi, ban ma san tana hannuna ba. Suka murɗe mini hannu sai da ya karye.

Kamdem bai kai asibiti ba. Bashin kuma bai bi shi kabari ba. Aka yi gwanjon firijina duka, shagon ya koma hannun wani tela.

Yanzu gasa kifi nake yi a tsallaken titi. Har yau ban yafe wa Kamdem ba. Amma kullum da safe, kafin tela ya buɗe, nakan tsallaka da bokitina in wanke dakalin nan.